Ramuka Uku a Ƙofar Tela

Ihun matar Tela ne ya tashi unguwar ranar Laraba da sassafe. Kafin a je a kira Maisawu, layin ya cika da mutane, amma babu wanda ya yarda ya matsa kusa da ƙofar. Daga nesa suka tsaya, mata sun rirriƙe 'ya'yansu, maza na ta salati ƙasa-ƙasa.

Akuyar Tela ce kwance a bakin ƙofa, an yanka ta, an juya kanta yana kallon cikin gida, kuma ko ɗigon jini babu a ƙasa. Daga tsakiyar layi har zuwa ƙofar, ga sawun ƙafa babu takalmi a jere kan rairayi. Diddige na fuskantar gidan, yatsu na kallon waje, kamar mai shi da baya ya taho.

Kowa a wurin ya san wannan abin, domin kowa ya gan shi a talabijin. Duk yammacin Talata ake nuna wani shiri mai dogon zango, Masu Tafiya da Baya, labarin wasu mayu. A cikin shirin, in uwar mayun ta zaɓi gida, dabba take fara yankawa, a kwana na uku kuma sai mutum ya bi. Ga shi 'yar Tela, yarinya 'yar shekara shida, kwananta biyu kwance da zazzaɓi.

Maisawu ya shekara ashirin yana bin sawun ɓarayin dabbobi da masu haura katanga. Mutum ne marar hayaniya, ba ya tsoron ɓarawo ko da makami. Amma shirin nan daga bakin ƙofa yake kallonsa, yana ce wa matarsa iska yake sha. Ya tsuguna kan sawun.

Ƙafar dama yatsu huɗu gare ta. Babu ƙaramin.

"To, ka gani ko?" in ji Makaniki, wani saurayi mai faɗin ƙirji da ke gaban taron. "Mutum nawa ne a unguwar nan mai yatsu huɗu? Mu aka mayar sakarkaru. Muna cewa wasa take yi, ashe sana'arta take nuna mana!"

Gwaggo yake nufi, tsohuwar da ke fitowa a uwar mayu. A ƙarshen layi na uku take zaune ita kaɗai. Wanki take yi wa mutane kafin masu fim su ɗauke ta, kuma ita ta goya Maisawu lokacin da mahaifiyarsa ta yi doguwar jinya.

Maisawu ya mayar da idonsa kan sawun. Ya ƙara sunkuyawa. Duk mai rai in ya taka ƙasa, diddigensa kan nutse, yatsunsa kan tura rairayi. Wannan sawun kuwa a shafe yake, ko'ina zurfinsa ɗaya, kamar abin da ya taka ba shi da nauyi. Bai faɗa wa kowa ba, don ya san abin da za su ce.

"Tela, an yi shara a nan yau?"

"Wace shara? Matata na buɗe ƙofa ta zube." Idon Tela ya yi ja. "Maisawu, 'yata. Tun ɗazu nake cewa a kai ta asibiti, uwarta ta ce wannan ba na asibiti ba ne."

Amma an yi shara. A gefen sawun, ga jan tsintsiya nan siriri, ya tsallaka layin ya nufi bayan wani tulin bulo da ke fuskantar gidan. Maisawu ya bi shi a hankali. A bayan bulon ya tarar da abin da bai taɓa gani ba: ramuka uku a ƙasa, kamar duwatsun murhu. Biyu a gaba, wajen ƙofar Tela, ɗaya a baya. Biyun masu faɗi ne kamar gindin kwalba, na bayan kuwa tsini ne kamar an soka ƙusa. A dama da hagun na bayan, ƙarƙashin sharar, ƙasa ta ɗan lotsa.

Ya san sawun kura, ya san na mai sanda, ya san na gurgu. Bai san wata halitta mai ƙafa uku ba. Ya ciro igiya daga aljihu, ya auna tsakanin ramukan, ya ƙulla ƙulli a kowane wuri.

Da ya dawo, Makaniki ya riga ya aika a kawo masa galan na fetur. Mai unguwa, dattijo mai ƙaramar murya, yana ta ba su haƙuri.

"Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa la'asar," in ji Maisawu.

"La'asar," in ji Makaniki. "Ana sallamewa, ko da kai ko ba kai, sai ɗakin nan ya zama toka."

*

Sai da Maisawu ya yi sallama sau uku kafin Gwaggo ta zare sakata. Duwatsu sun cika ƙofar, an fasa mata baho biyu. Ɗakin da duhu, don ta toshe taga da tsumma. Ta koma ta zauna a bakin gado, tana jan ƙafar hagu, tana dogara sanda.

"Kai ma ka zo ka ga mayya?"

"Haba Gwaggo."

"To me ya hana ka shigowa? Ka tsaya a ƙofa kamar wanda ya zo ɗiban wuta."

Kunya ta kama shi, domin gaskiya ta faɗa. Fuskar nan da ya sani tun yana goye, yanzu in ya dube ta sai ya ga wadda ke leƙowa ta talabijin da fararen idanu. Ya cire takalmi ya shiga ya zauna a ƙasa.

"Ina kike da asuba?"

"Ina zan je da wannan gwiwar? Wata huɗu ke nan ko bakin rijiya ban kai ba sai da sanda. Ɗan nan, ni fa wanki na sani. Daraktan shirin nan ya zo karɓar kayansa, ya ga ƙafata, ya ce, Inna, wannan ƙafar ta talabijin ce. Gatari ne ya cire mini yatsan ina yarinya. Yau shekara guda ko ɗankwali ba a kawo mini wanki ba. Yara in sun hango ni sai su watse."

"Gwaggo, a cikin shirin ina ganin sawunki kin tafi da baya a kan rairayi. Da wannan gwiwar?"

Ta yi 'yar dariya, ta goge ido da gefen zane. "Kai ma ka yarda? Sawun da kuke gani ba ni nake taka shi ba. Mai Kaya na masu fim ne ya sa ƙafafuna cikin wani farin abu mai sanyi kamar laka, ya fitar da irinsu na roba. Su yake dannawa a ƙasa, sai a ɗauki hoto."

Maisawu ya ji numfashinsa ya sauka, karon farko tun safe. Abin da ba shi da nauyi, roba ce.

Da zai fita ta riƙo bakin rigarsa. "Da gaske fetur suka kawo?"

"Ki mayar da sakata, Gwaggo."

*

Wani tsohon sito ne a bayan kasuwa masu fim suka mayar wurin aiki. A ciki an kafa bukkoki na kwali, ga ƙoƙon kawuna rataye, ga baƙaƙen riguna a igiya suna motsi da kansu saboda fanka. Maisawu ya bi ta gefe don kada su taɓa shi.

Mai Kaya, wanda ke kula da duk waɗannan tarkacen, gajere ne mai yawan gumi. Gaban rigarsa duk ja.

"Fenti ne, wallahi fenti ne, shinshina ka ji!"

"Ban tambaye ka ba tukuna. Ina ƙafafun roba?"

Mai Kaya ya buɗe wani akwati, ya rufe, ya sake buɗewa. Babu komai sai takardar da ake naɗe su.

"Jiya suna nan."

"Makullin akwatin fa?"

"A wurina yake. Amma a jikin ƙusa nake rataye shi, kowa ya sani."

"An ce kun yi faɗa da Tela."

"Wa ya ce? To, mun yi. Na kai masa ɗinkin rigunan mayu, ya sa musu aljihu. Mayya da aljihu! Me za ta zuba, canji? Na zage shi, ya zage ni, shi ke nan."

"Ina kake da asuba?"

"A gida."

"Matarka na wuce ta a bakin famfo. Ta ce ba ka kwana a gida ba."

Gumi ya ƙara keto masa. Ya ce a nan sito ya kwana, don matar ta kore shi, kunya ta hana shi faɗa. Ya ce ya ji an taɓa ƙusar makullin da duku-duku, amma ya ɗauka ɓera ne, ko kuma wani abin da ya fi ɓera, shi ya sa ya ja bargo ya rufe kai.

Maisawu ya dube shi. Ga ƙafafu a hannunsa, ga faɗa, ga ƙarya. Da ya kama wuyan rigarsa ya kai wa Makaniki, da Gwaggo ta tsira. Amma ramukan nan uku ba su da wuri a cikin wannan labarin. Ya fito tsakar siton don ya yi tunani, ya dubi ƙasa kamar yadda ya saba, sai ya daskare.

Ramuka uku-uku ne ko'ina. Sun kewaye shi.

"Innalillahi," ya faɗa da ƙarfi, ya ja da baya har ya yi karo da wani dogon mutum.

"Lafiya, Baba? Maciji ka gani?" Mai Kyamara ne, saɓe da wani ƙarfe mai ƙafa uku. Da ya gane abin da ya firgita Maisawu, dariya ta kusa kayar da shi. Ya buɗe ƙarfen ya kafa. "Ga dodon naka. A kansa muke ɗora kyamara."

Maisawu bai yi fushi ba. Ya zagaya ƙarfen sau biyu. "Ina gabansa?"

"Ƙafa ɗaya gaba, wajen abin da kake ɗauka. Biyu a baya, kai kuma ka tsaya tsakaninsu. Ranar farko ake koya wa mutum wannan."

"In aka sa biyu gaba, ɗaya baya fa?"

"Sai ka yi ta tuntuɓe da ita, sai dai in hawa za ka yi kamar ja…" Bai ƙarasa ba. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Akwai wanda ƙafarsa ɗaya tsini ce?"

"Akwai tsohon. Robarsa ta cire." Ya dubi ƙofar ofis, ya rage murya. "Baba, ni dai ba haka nake kafawa ba. Iyakar abin da zan ce ke nan. 'Ya'ya gare ni."

Daidai nan Darakta ya fito. Mutum ne mai tsafta, mai sanyin magana, da farin tabarau. Ya gaida Maisawu hannu biyu, ya sa aka kawo masa ruwa.

"Allah sarki Inna. Na ji abin da ya faru, duk jikina ya mutu. Jahilci ne kawai. Ka san mako mai zuwa shirin zai ƙare, a labarin ma ƙona gidanta ake yi. Sau biyu muna tara mutane mu ɗauka, ina kora su. Ka ce wa mutum ya yi fushi, sai ya yi ta zare ido kamar mai ciwon ciki." Ya girgiza kai, ya goge tabaraunsa. "Ƙarfe nawa suka ce za su je?"

Maisawu ya ajiye ruwan bai sha ba. Tun safe yake jin tsoro, amma wannan daban ne.

"Bayan la'asar," ya ce a hankali. "Mai unguwa ya ce ku zo ku uku. Ya ce in kuna so ku ɗauki hoton hukuncin, don ya zama shaida."

Da ya fita, kai tsaye gidan mai unguwa ya wuce, don ya gaya masa abin da ya faɗa da sunansa.

*

Ana sallame la'asar, ƙofar Gwaggo ta cika har kan katangu. Makaniki na gaba da galan, wani na riƙe da ashana. An fito da Gwaggo an zaunar da ita a kan turmi, ta rufe ƙafafunta da zane. Matar Tela na gefe, muryarta ta dishe, tana ta cewa, "Ki sakar mini 'yata. Me muka yi miki?"

Motar Darakta ta tsaya a bakin layi. Mai Kaya ya fito kamar wanda za a yanka. Mai Kyamara ya fito hannu rabbana.

"Ina kayan aikinka?" in ji Darakta.

"Yallaɓai, ba zan ɗauki wannan ba."

"Kai dai ba ka da rabo." Darakta ya dubi rana, ya dubi taron, ya ga Makaniki ya fara kwance murfin galan. Da sauri ya buɗe bayan mota, ya zaro ƙarfen mai ƙafa uku da wata ƙaramar kyamara, ya mayar da murfin ya rufe. Ya zaɓi wuri mai rairayi daura da ƙofar, ya kafa ƙafa biyu gaba, ya ja ɗaya baya, ya buɗe ƙafafunsa ya haye ta kamar mai hawan jaki, ya manna ido.

Maisawu ya kafa ido kan inda ƙafafun ƙarfen suka taka.

"Maisawu, lokaci ya cika," in ji Makaniki. "Sawun wa ka gani?"

"Na Gwaggo ne."

Taron ya ɗauki ihu. Gwaggo ta ɗago ta dube shi.

"Ku tsaya! Na ce sawunta ne, ban ce ita ta taka ba." Muryarsa ba ta saba da ɗagawa ba, sai da mai unguwa ya buga sanda aka yi shiru. "Gwaggo, tashi ki taka nan."

Ta tashi da ƙyar, ta yi taku uku. Ƙafar hagu ta ja layi a ƙasa, sanda ta huda gefe, diddigen dama ya nutse.

"Wanda ya ga na ƙofar Tela ya zo ya duba. Akwai jan ƙafa a can? Akwai sanda?"

"Ai in za ta yi aikinta ba ta ɗingishi!" wani ya faɗa daga baya. Aka ce haka ne, haka ne. Mai ashana ya matso.

Maisawu bai yi gardama ba. Ya taka zuwa wurin Darakta. "Yallaɓai, ɗan ɗaga mini wannan."

"Ina aiki, malam."

"Ɗaga masa," in ji mai unguwa.

Mai Kyamara ne ya zo ya ɗauke ƙarfen cak. A ƙasa ga ramuka uku: biyu masu faɗi a gaba, na baya tsini, ga lotsawar diddige dama da hagunsa. Maisawu ya tsuguna ya shimfiɗa igiyarsa. Ƙulli na farko ya faɗa rami, na biyu ya faɗa, na uku ya faɗa.

"Tela, kai ka ga na auna wannan igiyar da safe a bayan bulo, daura da ƙofarka. Mayya ba ta shara, ba ta kuma kafa kyamara. Wanda ya yanka akuyarka ya share sawunsa tsaf, amma ya bar waɗannan, don shi ba ya ganin su a matsayin sawu, kullum a cikinsu yake yawo. Ya tsaya a can yana jiran matarka ta buɗe ƙofa."

"Duk sito shi kaɗai ke kafawa haka," in ji Mai Kyamara, kansa a ƙasa. "Har tsiya muke masa a bayan ido."

Aka buɗe bayan motar. A ƙarƙashin wani buhu ga ƙafafun roba biyu da rairayi a jikinsu, ga tsintsiya, ga baho da jini ya bushe a ciki. Mai Kyamara ya danna wani abu a jikin ƙaramar kyamarar ya juyo da ita. Sai ga ƙofar Tela da hasken safiya, ga matar Tela ta buɗe, ga ihunta ya sake fitowa, siriri, daga cikin ɗan akwatin. Matar Tela ta toshe kunnuwanta ta durƙushe.

Darakta ya cire tabarau. Ko muryarsa ba ta canza ba.

"Ba zan bari wuta ta taɓa ta ba. Da an kunna zan ce a tsaya. Ku fahimce ni, fuskokinku nake so. Ku da kun ga yadda kuke ɗazu? Babu ɗan wasan da zai iya wannan."

Makaniki ya juya a hankali, galan a buɗe, ya nufo shi. Taron ya biyo baya, da irin fuskokin ɗazu. Maisawu ya ga ashana ta fito daga kwalinta.

Tela ne ya sha gaban Makaniki ya riƙe galan ɗin da hannu biyu.

"Akuyata ce, 'yata ce. Ba a ƙona kowa da sunana." Ya fizge, ya mayar da murfin. "In ƙarfi gare ka, je ka tada mota mu kai yarinyar nan asibiti. Tun safe ya kamata."

Makaniki ya tsaya yana huci, sannan ya sunkuyar da kai ya tafi ɗauko mota. Mai unguwa ya sa dattawa huɗu suka sa Darakta a tsakiya har 'yan sanda su iso. Mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, kowa na kallon wani wuri daban. Babu wanda ya zo ya ce wa Gwaggo sannu.

Da layin ya yi shiru, Maisawu ya kama hannunta zai mayar da ita ɗaki. A bakin ƙofa ya tsaya. Rairayin duk sawu ne, ɗaruruwa, kuma babu wanda bai san mai shi ba. Ga na waɗanda suka tsaya daga nesa. Ga na waɗanda suka matso har jikin bango, inda suka durƙusa suka ɗebi duwatsu. Wasu a gidan nan suka yi rarrafe.

Gwaggo ta ga inda idonsa yake.

"Ka san su duka ko?"

"Na san su, Gwaggo."

Ta daɗe tana kallon ƙasar, ita da ba ta iya karanta ta ba. Sannan ta gyara riƙon sandarta.

"To, kada ka faɗa mini ko ɗaya, ɗan nan. Gobe da safe sai na gaishe su."